Tukubar Garga da Hayaƙin da Ba Nata Ba

Jiya da la'asar na taso daga lekol, wato makarantar da nake koyarwa, ina tari, idona yana raɗaɗi. Da na sauka daga taksi a unguwar Briqueterie sai na ce bari in lallashi kaina da tsire. Na tarar da tukubar Garga a kashe, an zagaye ta da jan ƙyalle, shi kuma yana zaune a kan buhun gawayi yana korar ƙuda daga naman da ya sayo da asuba.

Ya ce wasu ne suka zo daga Kwamitin Tsabtace Iska, riƙe da wata na'ura kamar rediyo. Suka kanga ta dab da garwashi, ta yi ƙara, suka ce sun gano mai gurɓata Yaoundé. Kada ya sake hura wuta sai iska ta gyaru.

"Malam, kai ka yi karatu," in ji shi. "Wai hayaƙina ne ya kai har unguwar Cité Verte? Ni da ko ƙarshen layin nan ban taɓa turarawa ba."

Ni malamin kimiyya ne, ba na son gaggawa, don haka na zauna na yi masa darasi a tsanake. Rani ya yi, ana cinna wa daji wuta can arewa da mu: mafarauci na neman gafiya, makiyayi na neman sabon tsiro, manomi na share fili. Hayaƙin ba ya tsayawa inda ya tashi. Ƙwayoyinsa sun fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, iska na tafiya da su kwana da kwanaki. A hanya rana tana dafa shi, ya gauraya da na motocinmu, ya haifar da wata iska mai yaji da ake kira ozon, mai sa ido hawaye, ƙirji ya yi nauyi. Wato abin da muke shaƙa baƙo ne daga nesa, ya ma sauya kamanni kafin ya iso.

Garga ya saurara da ladabi, sannan ya tambaya ko darasin zai hana nama wari. Na ce ba zai hana ba.

Dole in jinjina wa Mai Girma Sarkin Numfashi, shugaban kwamitin, Allah ya ƙara masa basira. Zuwa daji wahala ce: hanya ba kyau, ga zafi, kuma an ce wasu gonakin da ke ci da wuta na mutanen da ba a kanga wa na'ura ne. Garga kuwa ga shi a bakin titi, ba ya gudu, har kujera yake bayarwa. Jerin motoci aka kwaso don kama tukuba ɗaya, ba a kuma kashe inji ko ɗaya ba, don kada sanyin cikin motocin ya tsere.

Maƙwabciyata Hajiya Rahinatu, mai fama da asma, ta ce ita dai tarinta bai samu sanarwar cewa an kama mai laifi ba.

Yau da hantsi ina wurin Garga sai ga wani ɗan kwamitin mai ɗamarar wuya ya zo. Ya ce kwamiti zai yi bikin nasarar tsabtace iska da yamma, akwai manyan baƙi, kuma Mai Girma ba ya cin tsiren kowa sai na Garga. Garga ya nuna masa jan ƙyallen. Mutumin ya kwance shi da hannunsa, ya naɗe, ya cusa a aljihu.

"Ai iska ta gyaru, Baba," ya ce, yana goge hawaye da hankici. "Hura wutarka."

Garga ya hura. Sama tana nan launin toka kamar jiya. Na sayi tsirena, na ci ina tari, amma a hukumance cikin tsabtatacciyar iska nake yinsa. Addu'ata dai su yi ta bikin nan har damina ta sauka. Ita kaɗai na sani tana wanke iska, kuma ba ta zuwa da jerin motoci.