Ranar da Na Yi wa Rediyo Maganin Gazunzumi

Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa akwatin rediyon kumandan, Baturen da ke mulkin Gure, ba, Allah ya yafe mini. Lokacin ina tafinta a biro, wato ofishinsa, shekara uku kacal na yi a lakwal, makarantar boko, amma in ka ji ni a kasuwa sai ka rantse ni na koya wa Nasara yarensu.

Kumandan ya kawo rediyo, aka ɗaura masa doguwar waya a kan bishiya. Da magariba yakan zauna yana murɗa shi, wai yana neman tashar Manila, can ƙasar Filifin, saboda kiɗansu. Wata rana akwatin ya yi ta ƙara, shuuu, ƙyas-ƙyas. Kumandan ya buga tebur ya ce, "Parazit sun cika shi!" (Ashe haka masu rediyo ke kiran wannan ƙarar. Ni kuwa mushe, malaminmu na lakwal, ya koya mana parazit shi ne gazunzumi da ƙwarƙwata.)

Washegari ya tafi rangadi garin Gamu. Na ce ga hanyar ƙarin girma ta samu. Na fito da akwatin tsakar rana, na sa Baba Kyari, kukun gidan, ya tafasa ruwa.

"Ɗana, anya? Ni dai ban ga ƙwaro ko ɗaya ba."

"Baba, tsaya kan tukunyarka. Wannan aikin masu karatu ne."

Na kwarara ruwan ta kowace kafa, yadda ake yi wa gadon kara. (Har toka na ƙara, don kada ƙwai ya rage.)

Da kumandan ya dawo, ban jira ya tambaya ba. A gaban gardi duka, dogaransa, na ƙame na ce, "Ranka ya daɗe, na kashe parazit!" Ya murɗa akwatin. Tsit. Ya ɗaga shi, ruwan toka ya zubo masa a wando.

Baba Kyari ya ce, "Ai kuwa ya kashe, har da masu kiɗan."

Ranar aka sallame ni, na koma Gidigir noman gero. Har yau jikokina Malam Parazit suke ce mini. Tun daga nan, in na ji kalmar da nake ganin na sani, sai na tambayi tsoho kafin in ce a ɗora ruwa.