Yadda Za Ka Gyara Muryar Surukinka a Lasifika Goma Sha Biyu

Hanyar nan tabbatacciya ce, sau ɗaya kawai ta taɓa ba da kunya. Ranar Talata wani mai haɗa sauti ya bi ta a situdiyonsa, cikin awa uku ya mai da surukinsa, tsohon direban da ya yi imani cewa da waƙa aka haife shi, cikakken mawaƙi. Kai ma za ka iya.

1. Yaba tukuna

Zaunar da shi a tsakiyar ɗaki: lasifika bakwai a kewaye, huɗu a silin, ƙatuwa ɗaya a ƙasa. In ya gama rerawa ya ce, "Ya ka ji?" ka ce, "Baba, lasifikan ma sun yi tsit." Ba ƙarya ka yi ba, ba ka kunna su ba.

2. Tura shi shan shayi

Sai ka buɗe manhajar da ke ɗaga murya da sauke ta. Inda ya faɗi, tallafe shi. Inda ya zarce, jawo shi. A hankali dai. In hannunka ya yi nauyi, dattijo mai jika tara zai fito da muryar 'yar firamare, kuma 'yarsa kake aure.

3. Bi lasifikan ɗaya bayan ɗaya

Nan mutuminmu mai haɗa sauti ya yi tuntuɓe. Ya gyara na gaba, ya manta amsa-kuwwar da ya tura baya da sama daga ɗanyar muryar take fitowa.

4. Saurara kafin ka gayyato iyali

Shi bai saurara ba. Daga gaba murya ta fito sumul. Daga baya, daidai kunnen surukuwa, wata ta biyo ta a karkace kamar ƙyaure mai tsatsa.

"Wane ne wannan yake ɓata min waƙa?" in ji Baba.

Surukuwa, wadda ta shekara arba'in tana jin muryar nan daga banɗaki, ta ƙura wa silin ido. Matar mutuminmu ta taka masa ƙafa.

5. Ƙirƙiro mutum

"Ɗan amshi ne, Baba. Sabon shiga."

"Allah sarki. Kawo min shi ranar Asabar in koya masa. Irin wannan ba a barin sa ya shiga mutane haka."

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, tsakaninka ne da gidan surukanka, babu hannun mai wannan rubutu. Zuwa lokacin da aka kammala shi, Asabar saura kwana biyu. Baba ya sayi zuma don maƙogwaron ɗalibinsa, kuma har yanzu ba a samo mai irin muryar ba, in ban da mutum ɗaya: wanda ya sayi zumar.