Kafur a Tankin Surukina

Laifina ne, gara in faɗa tun daga farko. Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsayar da amarya a tsakiyar gonakin gero ba, kuma na nemi shafa wa bawan Allah kashin kaji.

Surukina, wanda duk muke kira Baba, yana da tsohuwar mota fijo da ta girmi matata. Lafiyarta lau, sai dai in ta ɗauki kaya injin yakan yi ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ni kuwa keke napep nake ja a Bodinga, don haka nake ganin kaina rabin makanike (ɗaya rabin a waya nake samo shi). A wayar ne na ji wani yana cewa tsofaffin injina suna son fetur mai ƙarfi, wai mai oktan da yawa. Mu nan kuwa fetur iri ɗaya ne, wanda ka samu shi za ka sha. Sai mutumin ya ce dabarar ita ce a jefa kafur a tanki.

Da bikin ƙanwar matata ya zo, Baba ya miƙo mini makulli, ni zan kai amarya garin Lambara. Na ce yau zan burge suruki. Na buɗe akwatin Balkisu, matata, na kwashe kafur ɗin da take sa wa zannuwanta, na daka, na zuba a tanki. Ban tsaya nan ba. Na ɗauki sukudireba na matse kafireta don ta rage shan mai. Man kuwa a wurin Malam Sani aka saye shi, mai sayarwa a galan, aminin Baba tun suna yara.

Bayan la'asar muka tashi. Amarya a baya cikin lulluɓi, Balkisu da Gwaggo Asabe sun sa ta tsakiya, Baba da sauran dangi na biye a bas. Da farko har ina murmushi. Can sai mota ta fara tari. Na taka totur, ta yi shiru kamar tana tunani, sannan salansa ta saki wata ƙara, fau! Gwaggo ta dafe ƙirji. Motar ta gangara gefen titi ta mutu.

Bas ta tsaya. Baba ya sauko ya ce, “Mi yaf faru?”

A nan ne na yi abin da ya fi kafur muni. Na ce, “Baba, ina jin man nan gauraye ne.”

Na ga fuskarsa ta canja.

Direban bas ya buɗe bonet, ya zare tiyon mai ya zuƙa. Ya tofar, ya sake tofarwa. Wani farin gari kamar kullu ya cika filta, warin kuwa ya gauraye wurin. Gwaggo Asabe ta shaƙa sau ɗaya ta hau salati.

“Kahur na! Abin wankan gawa cikin motar amarya? Wallahi wanga ba gaurayen mai na ba, sammu na anka yi ma ɗiyarmu!”

Amarya da ke kukan al'ada ta koma na gaske. Mata suka fara lissafin maƙiya, kuma sunan Malam Sani ne a gaba, tunda ni na kawo shi. Baba ya ce a hankali, “In Sani na, to ni da shi har abada.”

Na ɗaga kai sai muka haɗa ido da Balkisu. (Da safe ta tambaye ni kafur ɗinta, na ce wataƙila ɓeraye ne.) Ta ce, “Maigida, ɓerayen nan namu sun iya buɗe tanki ashe?”

Kowa ya juyo. Da ƙasa za ta tsage da na shige har da takalmi.

A bas aka ƙarasa da amarya, a matse tsakanin kwanuka. Ni aka bari da fijo da direban wata akori-kura da ya ja mu zuwa gida. Sai da aka sauke tanki aka wanke, aka mayar da kafireta yadda take. Ƙas-ƙas ɗin ma ashe saitin wuta ne kawai. Tun ranar na gane cewa motar da ta girmi matarka ba ta neman shawararka.

Baba bai yi mini faɗa ba, kuma hakan ya fi duka ciwo. Cewa kawai ya yi, “Ba ni ka ɓata ma suna ba.”

Washegari na je rumfar Malam Sani, na tuɓe takalmi, na durƙusa a gaban galan-galan ɗinsa, mutane na kallo. Na ce, “Baba Sani, manka lafiya lau yake, ni ne gauraye. Na yi maka ƙarya don in tsira. Don Allah ka yafe mini.”