Mai Tari Bai Mutu Don Tsufa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da kai a sunkuye ba, Uwargida Chatani Fusae ta tsibirin Okishima, mai shekara saba'in da ɗaya, ke sanar da masuntan tafkin Biwa na gabas da na yamma, da 'yan uwa da abokan arziki, rasuwar injin jirginta, wanda kowa a tsibiri ya sani da laƙabin Mai Tari. Rai ya yi halinsa ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe sha biyu saura kwata na rana, tazarar jifa ɗaya daga matsayar jirage. Ya rasu yana da shekara talatin da huɗu, a bakin aiki, da igiya a bayansa, da ɗan Adam a ƙarshen igiyar.

Iyalan mamacin na roƙon jama'a su toshe kunne daga maganar da ke yawo cewa tsufa ne ya kashe shi. Ƙarya ce, ko da kuwa ta taɓa kwana biyar a takardar hukuma.

Marigayi Sokichi, mijin Uwargida, shi ya kawo shi tsibiri a cikin akwatin katako, ƙarti shida suka sauke shi daga jirgin fito. Tun ranar farko ya nuna halinsa. Ba ya tashi sai ya yi tari sau uku, kuhu, kuhu, kuhu, sannan ya kama dug-dug-dug ɗinsa, kuma in ya kama ba ya saki sai an ce ya saki. Matan layin haikali da tarinsa suke ɗora tukunyar shinkafa. Bai taɓa shan mai fiye da rabonsa ba. Bai taɓa barin mai shi a tsakiyar ruwa ba, ko a sanyin da raga ke daskarewa a hannu. Da Sokichi ya kwanta dama shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mutane suka ɗauka za a sayar da jirgi. Fusae ta ɗauki sifanar mijinta, ta zauna gaban injin mako guda har suka fahimci juna. Tun daga nan, duk farkon wata sai ta juye masa baƙin mai da hannunta, ta goge shi da tsohuwar rigar mijin.

Ba za a ɓoye aibinsa ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Mai Tari ba shi da gudu. Jiragen haya na 'yan birni masu zuwa kamun kifi don nishaɗi sukan wuce shi fuu, su bar shi yana tangaɗi, wasu har su ɗago hannu suna dariya. Amsarsa ɗaya ce kullum: dug-dug-dug.

Jinyarsa ta ajali ba ta kai sa'a guda ba. Ran nan Fusae ta gama ɗaga raga tana hanyar gida, sai ta ga saman duwatsun Hira ya yi duhu, fuskar ruwa ta fara fari daga yamma. Duk ɗan tafki ya san iskar nan, ba ta sallama. Kafin ta rufe kwandon kifi, igiyar ruwa ta fara marin gefen jirgi. Can arewa da ita ta hango wani farin abu kamar cikin mataccen kifi, sai da ta ƙura ido ta gane gindin jirgin haya ne a kife, da kawuna biyu a kusa da shi.

Ta yi abin da doka ta ce. Ta ciro waya ta kira masu ceto, ta faɗi wurin, ta faɗi mutum nawa, ta faɗi sunanta. Muryar da ta amsa ta wani matashi ce mai ladabi.

"Mun ji, Baba. Jirginmu ya taso, minti arba'in zai iso. Don girman Allah kada ki matsa kusa, ki nufi tsibiri."

"Ɗan nan, ka taɓa tsoma hannu a ruwan Maris?"

"Baba, ki dai nufi tsibiri."

"Na ji ka," in ji ta. Ta sa wayar a aljihu, ta juya kan jirgi arewa.

Mutanen biyu daga Nagoya suka zo: wani likitan haƙori mai suna Hamaguchi, da mijin ƙanwarsa, Terao. Likitan na yawo a ruwa cikin rigar ceto, leɓɓansa sun yi shuɗi. Fusae ta maƙalo wuyan rigar da ƙugiyar jan raga, ta jawo shi. Ya kai hannu zai cafke ta.

"Gefen jirgi za ka riƙe, ba wuyana ba! Ɗago ƙafa, ƙato da kai!"

Da ƙyar ya mirgino ciki, ya faɗa kan kifi. Terao kuwa yana kwance rub da ciki a kan jirgin da ya kife, igiyar anga ta naɗe masa ƙafa a ƙarƙashin ruwa, inda wuƙa ba ta kaiwa. Duk igiyar ruwan da ta zo sai ta binne shi ta wuce. Ta jefa masa igiya, yatsunsa suka kasa kamawa. Iska kuma tana tura su tsakiyar tafki, inda ruwa ya fi hauka. Sai ta zagaya, ta zura tata igiyar a zoben hancin jirgin nasu, ta ɗaure a bayan nata. Tun da mutum ya ƙi rabuwa da jirgi, a ja su tare.

A nan ne aka ɗora wa mamacin abin da ba a taɓa ɗora wa sa'ansa ba. Jirgi a kife, cike da ruwa, da mutum a kai, kilomita biyu ana karo da iska. Dug-dug-dug ya koma gur-gur-gur. Jar fitila ta kama. Ƙaurin ƙarfe ya cika jirgi, hayaƙi ya fara fita ta inda hayaƙi bai taɓa fita ba. Fusae ta miƙa wa likita bokiti ta ce ya kwashe ruwa in yana son ganin Nagoya. Ta san in ta sassauta wa injin zai huce, ta kuma san in ta sassauta iska za ta mayar da su inda suka fito, Terao kuwa ya daina ɗaga kai. Ba ta sassauta ba. Ta dafa murfin injin da tafin hannu har ya ƙone ta. Ta san abin da take yi masa, kuma ba ta ɓoye wa kowa wannan ba.

Ya kai su bayan tsibiri, inda dutse ke tare iska. Ya ƙara ja har aka fara gane fuskokin mutanen da suka fito matsaya. Sannan ya yi wata ƙara guda, ƙas, wadda bai taɓa yin irinta ba, ya yi shiru. Tsofaffin tsibiri, maza da mata, suka jefo igiya suka jawo jiragen biyu da hannu. Aka yanke wa Terao igiyar ƙafa, aka naɗe su da barguna. Bayan minti goma sha ɗaya jirgin ceto ya iso, ma'aikatansa jiƙe sharkaf don su ma da iskar suka yi kokawa, suka kwashi baƙin zuwa asibiti. Iyalan mamacin ba su da ƙorafi a kansu.

Ƙorafin a kan takarda yake. Ranar Alhamis Fusae ta haye zuwa ofishin da ake kai rahoton haɗarin ruwa, da hannu a naɗe da hatiminta a jaka. Jami'in, wani mai suna Kuwabara, ya ba ta kujera da shayi, ya yi mata godiya har da rusunawa, sannan ya turo mata fom ya nuna inda za ta buga hatimi. Ta sa tabarau ta karanta. An rubuta haɗari biyu a ranar: jirgi ɗaya ya kife, jirgi ɗaya injinsa ya mutu sai da aka jawo shi. A gurbin dalili akwai zaɓi huɗu, rashin kulawa, tsufa, kuskuren matuƙi, da wani abu dabam. An yi alama a kan tsufa.

"Wa ya tsufa?"

"Baba, shekararsa talatin da huɗu. Na zaɓa miki mai sauƙin ne, sauran sun fi muni."

"Tsufa ne ya ja jirgi kilomita biyu?"

"Fom ɗin ba shi da gurbin wannan, Baba."

"To fom ɗinka ne ya tsufa."

Ya yi mata bayani a hankali cewa in ba hatimi rahoto ba zai rufu ba, in rahoto bai rufu ba takardar tuƙinta na rataye. Ta ce ta ji. Ta san kuma in kalmar tsufa ta zauna a takarda, ba a kan injin kaɗai za a karanta ta ba. Ta shanye shayin don kada a ce ta yi rashin kunya, ta mayar da hatimi jaka.

"Jirgin fito na tasowa ƙarfe tara da kwata. Ka zo ka ga gawar da idonka, sannan ka rubuta abin da ka ga dama."

Bai zo Juma'a ba, bai zo Asabar ba. Kwana huɗu Fusae tana zaune a gaɓa tana kallon jiragen wasu na fita. Ranar Litinin sai ga shi da jaka, fuskarsa ta nuna ruwa bai karɓe shi ba. Bakanike Nishii Tatsuzo, wanda ya girme wa Fusae da shekara uku, ya buɗe cikin mamacin a gabansa. Ya lakato mai a yatsa ya kai masa har hanci.

"Duba nan, samari. Cikin injin nan ya fi kicin ɗin matata tsabta. Ga kuma inda ƙarfe ya narke ya kama ɗan uwansa. Wannan ba mutuwar kwance ba ce."

Kuwabara ya daɗe a tsugune. Sannan ya ciro sabon fom, ya yi alama a kan wani abu dabam, ya fara rubutu. Gurbin ya cika, ya bi gefen takarda, ya juya bayanta. Ya karanta a fili cewa injin ya ƙone ne yayin jan jirgin da ya kife da mutum a kai, cikin iska mai ƙarfi, kuma an same shi cikin kyakkyawar kulawa. Sannan ya dubi Fusae.

"Sai dai layin da ya ce an umarce ki kada ki matsa kusa kika matsa, ba zan iya cire shi ba, Baba."

"Wa ya ce ka cire? Wannan gaskiya ce, bar ta."

Ta buga hatimi har sai da tebur ya motsa.

Mamacin ya rasu ya bar jirgi ɗaya, wanda ke ɗaure a matsaya tun ranar bai ce uffan ba. Ya bar farfela mai fiffike uku, da batir wanda ya kwanta ciwo saboda kaɗuwa, da sifana mai lamba sha bakwai, da rabin galan na baƙin mai da bai kai ga sha ba. Ya bar Terao, wanda aka sallama da ƙafafunsa biyu, da matarsa da 'ya'yansa uku. Ya bar likita Hamaguchi, wanda ya aiko da wasiƙa yana alkawarin duba haƙoran Uwargida kyauta har ƙarshen rayuwa, duka huɗun da suka rage.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe a matsayar jirage. Malamin haikali zai yi karatu, za a ƙona turare. Ba za a sayar da mamacin ga masu tsohon ƙarfe ba, waɗanda suka riga suka bugo waya sau biyu su daina. Za a kafe shi da siminti a ƙarshen matsaya, duk jirgin da iska ta koro ya sami abin ɗaure igiya. Bayan karatu akwai shinkafa da ƙananan kifi da tsohon funazushi na bara, wato kifin da aka tsima a gishiri da shinkafa, wanda warinsa ya dama ya zauna ta bayan iska.

Ɗan Uwargida, Noboru, zai zo daga Kyoto. Ana sanar da shi a bainar jama'a cewa an gode da ɗakin da ya gyara mata don ta bar tsibiri ta koma wurinsa, amma ya zuba littattafansa a ciki. Ana kuma roƙon masu ta'aziyya su taƙaita, domin maƙwabciya Sumie ta ba da aron jirginta, kuma ragar da ke ruwa ba ta san ana makoki ba. Uwargida za ta tashi ƙarfe biyu daidai. Wanda ke da sauran gaisuwa ya same ta a tafki.