Ranar da Na Kira Baba Ishaya Ɓarawo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kwanta rigingine a ƙarƙashin motata ba, cikin farar shadda, mutane sun kewaye ni suna jira in faɗa masu abin da na gani. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Kuma ba wanda ya ja mini sai ni.

Ni malami ne a Samaru, kuma ina cikin waɗanda suka fara shigo da mota mai aiki da lantarki unguwarmu. Ta hannu ce, amma yadda nake zancenta za ka rantse ni na ƙera ta. Ba ta shan mai, ba juyen baƙin mai, ba hayaƙi, ba ƙara. (A ɗakin malamai har an daina tambayata ya gida, don an san amsar a kan batir za ta ƙare.)

To amma motar da injinta ba ya ƙara, komai kana ji. Da damina ta gama cinye hanyar gidana sai na fara jin gwaf-gwaf a ƙafar gaba duk sanda na faɗa rami. Na kai wa Baba Ishaya a garejinsa da ke Sabon Gari. Shi ke gyara motar mahaifina tun ina firamare, kuma har na yi furfura "ɗan Malam" yake kirana. Tun farko ya ce shi ba ya taɓa wutar motar nan, amma ƙafa ai ƙafa ce.

Ya ɗaga ta a jak, ya jijjiga tayar da hannu biyu, ya ce bushin ne ya mutu. Bushin wata roba ce da ke cikin idon ƙarfen da ke riƙe ƙafar mota, ita ke shanye gargada. Ya ce, "Ƙarfen lafiyarsa lau, robar kawai za a sake. Sai dai motar nan ta fi girmanta nauyi saboda batir. Mu cire tsohuwar mu je kasuwa da ita, mu nemi baƙa mai kyau wadda za ta ɗauki nauyin kuma ta bi da ramukanmu."

Na ce, "Baba, bari in ɗan yi bincike tukuna."

Binciken nawa shi ne kwana bakwai ina kallon Turawa a waya. Can na gano wata jar roba mai tauri, an ce ba ta mutuwa, ga kuma ƙarafunan ƙafa masu ƙyalli da ake haɗawa da ita. Ban lura cewa a filin tsere suke gwada ta ba, inda ko tsakuwa babu. Na yi oda duka, har da ƙarafunan da aka ce mini ba na buƙata. Da kwalin ya iso na buɗe shi a falo, na tarar da wasu 'yan ledoji masu farin abu a ciki. Na ɗauka irin abin nan ne da ake sa wa kaya don kada su yi danshi, na watsa su a kwandon shara.

Baba Ishaya ya juya robar a hannu, ya danna ta da farce, ya dube ni. "Ɗan Malam, wannan ai dutse ne. Ba su haɗo da giris ɗinta ba? Irin wannan tana da nata man, namu ba ya zama a jikinta."

"Fasahar zamani ce, Baba, ba ta buƙatar mai." Da muryar aji na faɗa, har da ɗaga yatsa. (Allah Ya yafe mini yatsan nan.)

Ya ce, "To, motarka ce." Ya ɗaura.

Kwana biyar lafiya lau, sai dai duk ramin da na taka a haƙorana nake jin sa. Daga nan kuka ya fara. Ƙiiiƙ-ƙiiiƙ, kamar tsohon gadon ƙarfe, kuma ga shi ba injin da zai rufa mini asiri. Ranar Asabar na ɗauki surukata da matata zuwa suna a Hanwa. Hajiya na fama da ciwon baya, ni kuma na daɗe ina cika mata baki cewa motata ko ruwa aka ɗora a kai ba zai zube ba. Tun kafin mu hau kwalta ta damƙe hannun ƙofa tana salati a hankali. Da muka shiga layin gidan sunan, duk matan da ke ƙofa suka waiwayo, sun ji mu tun daga bakin titi. Hajiya ta sauka da ƙyar, ba ta dube ni ba, ta ce wa 'yarta, "Ki ce masa kada ya wahalar da kansa, a keke napep zan koma."

Kunya ta kama ni, sai na juya ta ta zama fushi, na shiga neman wanda zan ɗora wa. Kayan da Turawa suka yaba ba za su yi haka ba. Lallai tsohon nan ya ga kaya masu kyau ya musanya. Kafin in kai Sabon Gari na riga na yanke masa hukunci.

Garejin cike yake. Har da wata mata da ta kawo motarta karon farko, tana tsaye Baba Ishaya yana yi mata bayani. Ko sallama ban yi ba. "Baba Ishaya, ina kayana? Ka cire na asali ka sayar, ka sa mini jabu! Ashe da girmanka ɓarawo ne kai?"

Matar ta dube shi, ta dube ni, ta miƙa hannu ta karɓi makullinta, ta ja motarta ta tafi. Shi kuwa ya goge hannunsa da tsumma, ya sa jak ya ɗaga motata, ya ce, "Ranka ya daɗe, shiga ka duba da idonka."

Bai taɓa ce mini ranka ya daɗe ba. Na shiga ƙarƙashinta. Ga robobin nan jajaye, ga ƙarafunan suna ƙyalli, ga tambarin da na yi ta nuna wa mutane a waya. Sun bushe ƙarmas.

"Me ka gani?"

"Su ne."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Su ne, Baba. Kayana ne."

Wani direba ya leƙo ya ce ai shi ya san irin robar nan, da manta take zuwa a 'yan ledoji, ina aka kai man? Daga inda nake kwance na amsa cewa na zubar a shara. Wayyo, dariyar da aka yi! Har mai walda na maƙwabta ya kashe injinsa ya zo jin labari.

Na fito bayana duk baƙin mai, na ja Baba Ishaya gefe na raɗa masa cewa ya yi haƙuri. Ya zare hannunsa. "A gaban jama'a ka kira ni ɓarawo, haƙurin kuma a kunne? Tun kana sa gajeren wando nake wurin nan, ban tara komai ba sai sunana. Su waɗannan sun ga gaskiya. Matar da ta tafi fa?"

Na tsaya tsakiyar gareji na faɗa da ƙarfi cewa ƙarya na yi masa, laifina ne daga farko har ƙarshe. Ranar Litinin na bi kwatance har shagon matar a Dogarawa, na maimaita mata a gaban masu sayayya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Wai kai ne malamin? Kai ke koyar da 'ya'yanmu?" Sannan ta ce za ta yi tunani.

Baba Ishaya ya mayar da tsofaffin ƙarafunan, muka je kasuwa tare da tsohuwar robar a leda, ya zaɓi baƙa, motar ta yi shiru. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Abin da na koya bai da yawa: in na je gareji yanzu, wayata na aljihu, bakina a rufe, iyakar aikina in riƙe tocila. Sai dai duk zuwan da zan yi sai na dudduba motocin da ke layi ko zan ga ta matar nan. Har yau ban gan ta ba.