Motar Tserena a Kan Tudun Surukina

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko amarya daga Aujara ba. Mutanen Aujara ma ba su manta ba, don haka gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi daga nasu.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, a Takur nake zaune. Ina da irin motar nan ta masu iyali, mai ƙofa huɗu da ƙaton but, wadda in ka shiga sakatariya za ka gan su jere kamar tumakin gida ɗaya. Mota ce mai kunya. Ba ta shan mai, ba ta hayaniya, ba wanda ya taɓa waiwayowa ya kalle ta. Ta kai yara makaranta, ta kai matata Hajara unguwa, ta ɗauko buhun gero daga ƙauye, shi ke nan aikinta.

Muna zaman lafiya da ita, har ranar da Malam Isyaku, wani malamin sakandare da muke majalisa ɗaya bayan la'asar, ya zo yana nuna mana wayarsa. Wai an ce kamfanin da ke ƙera irin motata zai fito da samfurinta na gudu, irin na tsere. Ba hoton gaske, sai wani zane da wani ya haɗa a kwamfuta, kamfanin kuma bai ce uffan ba. Amma ai kun san majalisa, ko ƙanshin zance ta ji ya ishe ta. Wannan ya ce injin za a ƙara wa girma. Wancan ya ce a'a, lantarki za a haɗa mata ya riƙa tunkuɗa ta. Shi Isyakun da ya kawo labarin ma cewa ya yi ƙarya ce, wa zai ɗaura wa jakin kaya sirdi?

Ni kuwa sai na zama malamin abin. (Ni da ko mai babur ne ya wuce ni a titi sai in bi shi da "Allah ya kiyaye".) Kullum sai na zo da sabon hasashe. Na ce za su kwantar da ita ƙasa-ƙasa don kada iska ta shiga ƙarƙashinta. Na ce salansa biyu za su sa mata, da ɗan fiffike a kan but, da jajayen kujeru. Ina magana ina zana ta da tsinke a ƙasa, kai ka ce da ni aka yi taron kamfanin. Har ga Allah na ji daɗin kwanakin nan, don ban taɓa samun mutane suna yin shiru in na buɗe baki ba sai a lokacin.

Sai wata rana Isyaku ya ce, "To Malam, ko ta fito, ai kai da ita sai dai a waya."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma da maganar na kwana. Washegari na kai motar garejin Bala bakanike, na nuna masa zanen. Da Bala mai hana mutum ɓarna ne da na tsira, amma ina! Ya duba ya ce, "Oga, ai ka zo gidan. Kafin su fito da tasu, taka ta riga ta fito." Ya yanke mata sifirin ta durƙusa. Ya sa mata bamba mai leɓe har yana neman sharar ƙasa, ya manna fiffiken, mai walda ya ƙara bakin salansa na biyu wanda ba abin da ke fita ta cikinsa. Da na kawo ta gida Hajara ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Baban Sadik, me ya sami motar? Ciwon baya take yi?"

Na ce, "Samfurin gudu ne."

Ta ce, "Ina za mu da gudu?"

A raina kuwa na riga na san inda za mu. Bikin Ruƙayya, autarsu Hajara, ya matso, za a kawo ta nan Dutse daga gidansu a Aujara. Ni ne babban suruki a gidan, amma duk wata hidima da ta tashi, jif ɗin Alhaji Nafi'u ake nema, mijin mai bi wa Hajara, ɗan kwangila. Ni sai a ce in kwaso kuloli. Shekara da shekaru abin nan yana cina ban faɗa wa kowa ba. Wannan karon na rantse a motata amarya za ta zo. Na bi ta kan Ruƙayya, tunda ƙanwar mata abokiyar wasa ce, ta ce, "Yaya, in dai gidan miji za ka kai ni ba lahira ba, na yarda." Na bi ta kan Gwaggo Hansai, yayar mahaifinsu, wadda ita ce za ta kai amarya ɗaki, ita ma ta amince. Alhaji Nafi'u da ya ji, sai ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu.

Sai in gaya muku wane ne surukina. Malam ne na gaske, manyan mutane ke zuwa zaurensa ɗaukar karatun littattafai. Tun da na auri 'yarsa, maganata da shi ba ta wuce gaisuwa ba: in cire takalmi daga nesa, in durƙusa, ya ce "Allah ya yi albarka", in tashi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ganin haƙoransa ba.

Ranar kai amarya na shiga unguwar su Malam da safe ta ɓangaren kasuwa, lafiya lau. Yara suka kewaye motar, samari suna ɗaukar ta a waya, ni kuma ina ta goge gilashin da ba shi da datti. Bayan la'asar aka fito da amarya lulluɓe tana kuka, aka sa ta a baya. Gwaggo Hansai ta shiga gefenta (Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya, ba ƙaramar mace ba ce), wasu iyaye mata biyu suka matsa suka shiga, wata ta zauna gaba, aka cika but da ƙullin kaya. Na ji motar ta ƙara yin ƙasa, na yi kamar ban ji ba. Sai aka aiko cewa Malam ya ce ayarin ya bi ta ƙofar masallaci, dattawa na zaune za su yi wa amarya addu'a.

Abin da ban sani ba shi ne, 'yan acaɓa sun addabi layin masallacin da gudu, har Malam da kansa ya sa aka yi tudun rage gudu a daidai wurin. Mutanen da suka gina shi kuwa ba mai mota a cikinsu, don haka suka yi shi tsakani da Allah, kamar an kwantar da kututturen giginya an lulluɓe da siminti.

Ina gaba, jif ɗin Alhaji na bayana, sauran motoci na biye. Da na hango dattawa a kan tabarmi sai na ɗan taka totur don su ji muryarta. Ina sauke ido na ga tudun. Na taka birki, na lallaɓa, na ce bismillah. Leɓen bamba ya fara tafiya, ƙarass! Tayoyin gaba suka haura, sannan na ji wani ƙuuuu daga ƙarƙashin kujerata har cikin haƙorana. Mota ta zauna daram a kan cikinta. Na ba ta wuta, tayoyi suka yi ta juyawa a banza. Na sa ribas, ko gezau. A daidai gaban tabarmar Malam, ba gaba ba baya.

Gwaggo ta ce, "Kai, mun iso ne?"

Na fito cikin babbar rigata, gumi na bin bayana. Na zagaya na durƙusa don in leƙa ƙarƙashin motar, ashe saitin Malam na durƙusa. Sai na ji muryarsa a nutse: "Lafiya lau. Allah ya yi albarka." Ya ɗauka gaisuwa na zo yi! Dole na cire takalmi a tsakiyar titi na ƙarasa gaisuwar, na bi dattawan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa na tambayata ya hidima, motata na bayana tana lilo da amarya a ciki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige na ja ta na rufe.

Ban gama miƙewa ba na ga Alhaji Nafi'u ya fito cikin farar shaddarsa, ya buɗe ƙofar bayan jif ya riƙe. Ya ce, "Gwaggo, a dawo da amarya nan, kada magariba ta yi mana a hanya. Yaya sai ya taho da kulolin in an ciro shi."

In Ruƙayya ta sa ƙafa a jif ɗin nan, na san har jikokina sai an ba su labari. Sai Gwaggo ta sauke gilas ta ce, "Amarya ba ta sauya mota a hanya. Wadda ta sauya mota, gida za ta sauya. Ba inda za ta." Na ga Malam ya buɗe baki, na tabbata zai ce camfi ne, sai ya tuna yayarsa ce, ya mayar da bakinsa ya rufe. Ta ƙara da cewa, "Ni ma ba zan sauka ba, ni aka ba amana."

Ban san inda ƙarfin hali ya zo mini ba. Na tuɓe babbar riga na jefa kan kujera, na roƙi sauran iyayen su ɗan sauka, na juya wajen jama'a na ce, "'Yan uwa, tunda amarya ba ta sauka, sai mu ɗauke ta da motar gaba ɗaya!" Kowa ya shiga kallon guga da sitacin kayansa. Sai Malam ya ajiye carbinsa, ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya zo ya kama gefen motar. To wa ya isa ya zauna? Dattawa suka taso, almajiransa masu furfura suka taso, abokan ango suka diro daga motoci. Alhaji Nafi'u ya yi ta waige-waige, amma surukinsa na riƙe da mota, dole ya saki ƙofar jif ya zo. Wurin da ya rage masa kuwa shi ne baya, daidai bakin salansa, na gasken.

Na ce, "Da sunan Allah, ɗaya, biyu!" Motar ta tashi sama. Mata suka ɓarke da guɗa, Gwaggo na ciki tana salati da ƙarfi tana cewa a yi a hankali da ɓangarenta. Ta cikin gilas na ga mayafin amarya na girgiza, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta har tana riƙe ciki. Aka dire mu a ɗaya gefen tudun. Tukunyar salansa dai ta zaɓi zama a Aujara, tana kwance a kan siminti. Da na waiwaya, gaban shaddar Alhaji ya yi baƙi ƙirin, Malam kuma ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ranar na fara ganin haƙoran surukina.

Aka yi addu'a, muka kama hanya. Duk tudun da muka tarar, iyaye su sauka su taka da ƙafa, ni kuma in haye shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, jif na biye da ni a dole don ba a wuce motar amarya. Ba salansa, motar ta samu muryar da na daɗe ina yi mata fata. A Kiyawa masu shayi har miƙewa suka yi. Kafin mu shiga Takur unguwa ta fito ƙofar gida, ba a buƙaci kowa ya danna oda ba. Na tsaya a ƙofar gidan ango ana kiran magariba, na zagaya na buɗe ƙofa da hannuna. Ruƙayya ta sauko da ƙafar dama daga motata, ta ce ƙasa-ƙasa ta cikin mayafi, "Yaya, ka cika alkawari." Ban taɓa jin na kai mutum irin na wannan lokacin ba.

Bayan mako na koma Aujara yi wa Malam ban gajiya (a motar haya, tawa tana wurin Bala ana mayar mata da tsayinta). Na cire takalmi na durƙusa. Maimakon ya sallame ni kamar kullum, sai ya nuna mini gefen buzunsa ya ce in zauna. Ya miƙa hannu bayan tarin littattafai ya jawo tukunyar salansata, an wanke ta tas, ya tura mini ya ce, "Ga ajiyarka. Yarinya ta isa lafiya, shi ne magana." Sannan ya sa aka kawo fura a ƙwarya ɗaya, ya ce sai mun sha tare. Na karɓi ludayi na sha a gabansa.

Darasin da na koya guda ne, kyauta kuma nake ba da shi ga duk mai son burge dangin matarsa: kafin ka rage wa motarka tsayi, fara zuwa da ƙafa ka auna tudun ƙofar gidan surukinka.