Matajin Malam Sharhabilu

Duk ƙasar Dutse, har ka dangana da Aujara, ba a taɓa yin gwani kamar Malam Sharhabilu Ja-su-zo ba. Shi da bakinsa ya shaida haka, kuma wa ya fi shi sani?

Asalin ɗaukakar, farkon zuwan Nasara ya yi wa wani Bature mai awon ƙasa dakon akwati. Da za su rabu, Baturen ya miƙa masa tsohon baƙin mataji mai karyayyun haƙora. Rannan da rani yana goge shi da bargo, sai ya ga ƙaiƙayi ya miƙe tsaye, ya yi tsalle ya manne wa matajin. Shi ke nan, gari ya shiga uku!

Kowace ranar kasuwa sai ya kife busasshiyar ƙwarya, ya ɗora gashin kaza a kai, ya goga mataji ya kanga. Gashi ya tashi sama. Mata na salati, shi kuwa yana shafa gemu.

"Ku bar kallon mataji," in ji shi, "sirrin a jinina yake. Baturen nan shekara da shekaru yana taje kai da shi, ko tsinke bai taɓa amsa masa ba."

Tun daga nan manoma ba sa samun amsar sallama sai da gira. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: rawani. Ya aika wa Dagaci cewa abin kunya ne ga gari mai irin baiwarsa ya zauna ba sarauta. Dagaci, dattijo mai son nishaɗi, ya ce ya zo ya nuna gaban jama'a, in mataji ya jawo abu a naɗa shi.

Ranar ta faɗo tsakiyar damina, iska duk laima. Malam ya ga ai ba a kai mataji fada a bushe kamar na talaka. Ya wanke shi tas, ya shafe shi da man shanu har yana ƙyalli, ya zuba riga kan riga, ya iso gumi na tsiyaya, ya watsa ƙaiƙayi a gaban Dagaci.

"Ranka ya daɗe, yau za ka ga abin da ko Kano ba su gani ba. Ƙaiƙayi, taso!"

Ƙaiƙayi ya yi kwanciyarsa. Malam ya goga, ya sake gogawa, har bargo ya yi maiƙo. Ya kira da Larabci, ya kira da ɗan Turancin da ya tsinta a hanya. Ko motsi. Wallahi abin tausayi.

Can sai ga ƙuda ya sauka a kan mataji, wani ya biyo shi. Kafin ka ce me, sun rufe masa hannu har gemu.

Dagaci ya share hawayen dariya. "Malam, mun yi alƙawari, ga kuma jama'arka sun hallara. A kawo rawani, a naɗa mana Sarkin Ƙudaje."

Malam ya kori ɗaya daga kan hancinsa, ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, sarautar da doki take?"